Masaukin gargajiya a Kinosaki: abin da kuɗin baƙo yake saya da abin da ba ya saya

Kuɗin da ake rubutawa a gaban sunan masaukin gargajiya na Japan, wato riyokan, kuɗin mutum ɗaya ne na dare ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Idan mutum biyu suka kwana a ɗaki ɗaya ninki biyu za su biya, abin da yakan ba wanda ya saba da otal mamaki. A masauki matsakaici kuɗin yakan kama daga yen 15,000 zuwa yen 30,000, waɗanda suka yi suna kuwa sukan haura yen 50,000. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana tafiya ne ga girki da ruwan wanka da masu hidima, ɗakin kwana kuwa shi ne ƙaramin abu a ciki, duk da cewa hotonsa ne yake cika shafukan ajiye wuri. Da wannan ma'auni na auna masaukin da na sauka a garin Kinosaki na lardin Hiyogo, wani gidan katako mai hawa uku da iyali ɗaya suke tafiyar da shi, mai ɗakunan da ba su kai ashirin ba. Hukuncina a kansa shi ne ya ci kuɗinsa ta fuskar girki da hidima, ya gaza ta fuskar ruwa, sannan akwai matafiyin da bai kamata ya doshi irinsa ba.

Gari ake fara zaɓa kafin masauki, domin kowane gari mai maɓuɓɓugan ruwan zafi da tsarinsa, kuma tsarin ne yake nuna abin da za a nema a wurin kwana. Kinosaki ƙaramin gari ne kusa da gaɓar Tekun Japan, tafiyar kimanin awa biyu da rabi daga Kiyoto a jirgin ƙasa mai sauri, an jera gidajensa a gefen wani ɗan kogi mai suna Otani wanda gadojin dutse suka ratsa. Girgizar ƙasa ta shekarar 1925 da gobarar da ta biyo bayanta sun cinye kusan garin duka, da aka tashi sake gini kuma sai aka sa gidajen wanka na jama'a a tsakiyar shirin. Mutanen garin har yau suna kwatanta shi da masauki guda ɗaya babba: tashar jirgi ita ce ƙofar gida, tituna su ne hanyoyin cikin gida, masaukai su ne ɗakunan kwana, gidajen wanka na jama'a kuma su ne wurin wankan kowa. Wannan magana ba ta talla kaɗai ba ce, domin masaukan garin ba sa gina manyan wuraren wanka a cikinsu, don kada baƙo ya shige ya ƙi fita. Kowane masauki yana ba baƙonsa katin da zai shiga gidajen wankan gari kyauta, tun daga isowarsa har safiyar tashinsa, sai dai a san cewa kowannensu yana da ranar hutunsa, kuma wani lokaci akan rufe ɗaya domin gyara. Da yamma ta yi za ka ga baƙi sanye da yukata, doguwar rigar auduga da masauki ke bayarwa, da takalman katako, suna tafe daga gidan wankan Ichino-yu mai wurin wanka kamar kogo zuwa Goshono-yu ko Kouno-yu da ke can ƙarshen gari.

Saboda haka neman masauki mai ƙasaitaccen wurin wanka a Kinosaki ɓata lokaci ne, abin dubawa shi ne nisansa da kogin da kuma hannun mai girkinsa. A wasu garuruwan lissafin ya sha bamban. Kurokawa, a tsaunukan lardin Kumamoto, tana da masaukai wajen talatin, kusan kowanne da nasa wurin wanka na waje, kuma tun shekarar 1986 ake sayar da wani ɗan allon katako mai ba mutum damar shiga uku daga cikinsu, don haka a can wurin wankan masauki shi ne abin taƙamarsa. Kusatsu, a lardin Gunma, ruwan kansa ake zuwa nema, domin fiye da lita 32,000 ke ɓulɓulowa a kowane minti, ruwa ne mai tsami ƙwarai da warin farar wuta, yana baƙanta zoben azurfa, yana kuma yi wa mai rauni a fata zafi. Hakone kuwa tana kusa da Tokiyo, amma masaukanta a warwatse suke a kan duwatsu, babu titi guda da ake taruwa da dare, shi ya sa a can ɗakunan da ke da wurin wanka na kansu suka yi yawa.

Batun da ya fi kowanne nauyi ga matafiya da yawa shi ne yadda ake wankan. A gidajen wankan Japan tsirara ake shiga ruwa, maza gefe guda mata gefe guda, yawanci da shuɗin labule a ƙofar maza da ja a ƙofar mata. Ba a shiga da kayan ninkaya, ɗan tawul ɗin da ake riƙewa ma ba a barinsa ya taɓa ruwan, kuma sai mutum ya zauna a kan ɗan kujera ya wanke jikinsa da sabulu ya ɗauraye sarai kafin ya sa ƙafa a cikin kwamin. Wanda addininsa ko kunyarsa ba za su bar shi ya tuɓe a gaban baƙin ido ba, katin nan na Kinosaki ba shi da wani amfani a wurinsa, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba ke nan, in ban da wuraren tsoma ƙafa da ke bakin titi waɗanda dama kyauta ne. Mafitarsa ita ce wurin wanka na keɓe da ake kira kashikiri, wanda mutum ɗaya ko iyali ɗaya suke kullewa na kimanin minti 45 zuwa 50, wasu masaukan kyauta, wasu kuma da ƙarin kuɗi.

Masaukin da nake magana a kansa yana da irin wannan wuri guda biyu, ba a biyan komai, ba a kuma ajiye lokaci: idan ka tarar da ƙofa a buɗe ka shiga ka kulle. A takarda tsarin yana da kyau, amma a aikace daga la'asar zuwa lokacin cin abinci kusan kullum a kulle suke, domin kowa a wannan ɗan tsakanin yake son yin wanka, sai mutum ya sauko bene ya koma, ya sake saukowa. Ba sa samuwa cikin sauƙi sai bayan ƙarfe 10 na dare ko da asuba. Girmansu kuma bai wuce na mutum biyu ba, babu abin da ake hangowa sai katangar gora. Na fi son tsarin da ake rubuta wa baƙo lokacinsa tun a wurin karɓar baƙi ko da za a caji wani abu, domin mai zuwa daga nesa saboda wanka bai kamata wankan nasa ya rataya a kan sa'a ba. Wanda ya zaɓi ɗaki mai wurin wanka na kansa shi ma akwai tambayar da ya kamata ya yi kafin ya biya, wato ko ruwan da ke cikinsa na maɓuɓɓuga ne ko na famfo da aka dafa, domin akwai masaukan da ke sa ruwan famfo a kwamin ɗaki, kuma a hoto ba a bambancewa. Masu zane a jiki su sani cewa gidajen wankan jama'a na Kinosaki suna karɓarsu, alhali masaukai da yawa a sauran sassan ƙasar har yanzu suna hana su shiga ruwan gama-gari.

Sai ruwan kansa. Dokar maɓuɓɓugan ruwan zafi ta Japan, wadda aka kafa a shekarar 1948, ta amince a kira ruwa onsen idan zafinsa a inda yake fitowa ya kai digiri 25 na ma'aunin Celsius, ko kuma yana ɗauke da wani adadi na ɗaya daga cikin sinadaran da ta lissafa. Ma'auni ne mai sauƙin cikawa, kuma bai ce komai ba game da abin da ake yi wa ruwan tsakanin maɓuɓɓuga da kwami. A shekarar 2004 aka gano cewa wasu wuraren wanka a Shirahone, a lardin Nagano, suna zuba wa ruwansu wani haɗi don ya ci gaba da fitowa fari kamar yadda aka san shi, labarin ya tayar da ƙura a ƙasar, kuma a shekarar 2005 aka wajabta wa masu wuraren wanka su bayyana ko suna surka ruwan, ko suna ƙara masa zafi, ko suna tace shi su mayar, ko suna zuba masa magani. Wannan bayani yana rataye a jikin bango a ɗakin tuɓe kaya, da Japananci, kuma manhajar fassara ta waya tana karanta shi. Masana wanka suna fifita ruwan da ake kira kakenagashi, wanda yake shiga kwami daga maɓuɓɓuga ya malala waje ba a mayar da shi, kuma masaukin da ke da irinsa ba ya ɓoyewa, a saman shafinsa yake rubutawa.

Allon masaukina ya faɗi gaskiya: ana tace ruwan a mayar, ana kuma sa masa kulorin. Hanci ma ya shaida hakan tun kafin a karanta. A Kinosaki ana tara ruwan maɓuɓɓugai ne a wuri guda a rarraba wa gidaje ta bututu, don haka ruwa iri ɗaya ne ko'ina, garai-garai, mai ɗan gishiri, mai riƙe ɗumi a jiki na tsawon lokaci bayan an fito. Ba ruwa ne marar daɗi ba, kuma tacewar tana da hujjarta ta tsabta a wurin da mutane da yawa ke shiga, amma duk wanda ruwa ne ya kawo shi Japan, Kusatsu ko ruwan Arima mai launin tsatsa da ke kusa da Kobe sun fi cancantar kuɗin jirginsa.

Ɗakin ba ya buƙatar dogon bayani. Da tabarmar tatami ake auna girman ɗaki, nawa mai tabarma takwas ne, wato kimanin murabba'in mita 13, ya ishi mutum biyu, ya yi wa uku kaɗan idan akwai manyan akwatuna. Akwai gajeren teburi a tsakiya, da matasan zama, da kujeru biyu a bakin taga, da wani ɗan lungu da ake rataya rubutu da ajiye fure wanda ba a ɗora kaya a cikinsa. Ana cire takalmi tun a ƙofar gida, silifa kuma ba ta hawa tabarma. Bayan gida yana cikin ɗakin, abin da ya kamata a tabbatar a tsofaffin gidaje domin ba dukkansu ne haka ba. Katifar da ake shimfiɗawa a ƙasa ta fi yadda ake zato laushi, mai ciwon baya kuma zai iya roƙon a ninka masa biyu. Aibin ginin shi ne aibin kowane tsohon gidan katako: babu lif, matakalar a tsaye take, bangon siriri ne har ana jin tarin maƙwabci, kuma ɗakin da ke fuskantar kogi, wanda ya fi tsada, shi ne ƙarar takalman katako ke cika shi har wajen ƙarfe 11 na dare lokacin da gidajen wanka ke rufewa. Dattijo mai ciwon gwiwa ya nemi hawa na ƙasa, ko masaukin da ya sa gadaje.

A abincin dare ne gidan ya nuna kansa. Tun a lokacin isowa ake tambayar baƙo ƙarfe nawa zai ci, zaɓin kuma bai wuce ƙarfe 6 zuwa 7 ba, domin an sayo kayan girkin da lissafin kawunan da za su kwana, kuma masu aikin kicin suna da lokacin tashi. Wanda jirgi ya makarar da shi bai kira ya sanar ba zai iya rasa abincin, kuma ba a mayar da kuɗinsa. Irin girkin da ake kira kaiseki ake kawowa, ƙananan kwanuka bi da bi: abin buɗe baki, romo, ɗanyen kifi da aka yanka siriri, gasasshen kifi, ganyaye da saiwoyin da aka dafa a hankali, tukunyar da ke tafasa a kan teburi, sannan shinkafa da miyar waken suya da kayan tsami, a rufe da 'ya'yan itace. Abin da ya burge ni shi ne kowane kwano yana isowa a kan kari, mai zafi da zafinsa, mai sanyi da sanyinsa, wanda ba ya yiwuwa sai a gidan da ɗakunansa ba su da yawa. Manyan otal-otal na garuruwan ruwan zafi, masu ɗaruruwan ɗakuna, sukan jera komai a teburi kafin baƙo ya zauna, ko su sa kowa ya ɗebi abin da yake so, kuma a nan ne bambancin kuɗin yake fitowa fili.

Kinosaki garin kaguwa ne. Ana buɗe kamun namijin kaguwar da ake kira matsuba ranar 6 ga Nuwamba a rufe ranar 20 ga Maris, kuma a wannan tsakanin farashin masaukai yana tashi sosai. Akwai shirin da kaguwa ce daga farko har ƙarshe, ɗanya da dafaffiya da gasasshiya da ta tukunya, har a ƙarasa da shinkafar da aka dafa a romonta. Ra'ayina shi ne wannan ya dace da wanda ya riga ya san yana son kaguwa matuƙa. Ga sauran mutane, kafin a kai rabi harshe ya gaji, hannu ma ya gaji da ɓarar ƙafafu, kuma shirin da ya haɗa kaguwa ɗaya da kifi da sauran abubuwa ya fi daɗi, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Kaguwar da ake bayarwa a shiri mai araha galibi ba ta tashoshin kamun yankin ba ce, daskararriya ce daga wani wuri, masaukin kirki kuma yakan rubuta hakan a bayanin shirin. Ɗaya abin alfaharin yankin shi ne naman shanun Tajima, irin da ake samo naman Kobe daga gare shi.

Mai kiyaye halal yana da aiki a gabansa tun kafin ya ajiye wuri. Cire naman alade abu ne mai sauƙi, haka ma musanya naman sa da kifi ga wanda ba ya cin yankan da bai sani ba, kuma romon da aka gina girkin Japan a kansa na busasshen kifi ne da ganyen teku. Wahalar tana cikin giyar shinkafa da wani ruwan zaƙi mai barasa da ake kira mirin, waɗanda suke shiga kusan kowace miya da kowane dafaffen abu, ga kuma ɗan kofin giyar 'ya'yan itace da akan ajiye a farkon cin abinci. Na rubuta wa masaukin tun da wuri, amsar da suka bayar kuma ita ce ta fi komai sa na yarda da su: sun ce za su cire nama, za su gasa kifi da gishiri, za su dafa tukunyata daban, amma akwai kwanuka biyu da ba za su iya yin alkawari a kansu ba, don haka za su maye gurbinsu da wani abu. Haka kuwa aka yi, mai hidimar ta zo da takarda a hannu tana nuna abin da aka canja. Gidan da ya amsa da cewa babu matsala ba tare da ya yi tambaya ko ɗaya ba, shi ne abin tsoro. Faɗin irin wannan buƙata a ranar isowa kuwa ya yi latti. Akwai zaɓin kwana ba abinci, sai dai a ƙananan garuruwa gidajen abinci suna rufewa da wuri.

Hidimar gidan tana tafiya ba hayaniya. Mace ɗaya ce ke kula da ɗaki tun daga shayin maraba, ita ke duba ko yukatar ta yi wa baƙo daidai, ita ce kuma ta nuna cewa ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, domin akasin haka suturar gawa ce. A wannan gida a wani keɓaɓɓen ɗaki ake cin abinci, kafin baƙo ya dawo an janye teburi an yi shimfiɗa. Kawo abinci har cikin ɗakin kwana, wanda a da aka san riyokan da shi, yana raguwa saboda ƙarancin ma'aikata, kuma ni ban ga asara a ciki ba, tun da yana raba mutum da kwana cikin ƙarnin kaguwa. Turancin ma'aikatan kaɗan ne amma ya isa. Ba a ba da tukuici, miƙa shi ma yana jefa mai hidima cikin jin nauyi. Karin kumallo da ƙarfe 8 ne, shinkafa da gasasshen kifi da ƙwai da miya, kuma ana sa ran baƙo ya bar ɗaki da ƙarfe 10, wanda ya yi wuri ga dare mai wannan tsada.

Tsufan gida yana jan hankalin masu zaɓe fiye da kima. Gaskiya ne masaukin Keiunkan da ke lardin Yamanashi tun shekarar 705 yake karɓar baƙi, Hoshi na lardin Ishikawa kuma tun 718, amma shekarun na kasuwancin ne, ba lallai na ginin da za a kwana a ciki ba, kuma masauki ɗaya yakan kasance da tsohon ɓangare da sabo, don haka a duba a wanne ɗakin yake. Shafukan ajiye wuri na Japan, wato Jalan da Rakuten Travel, sun fi shafukan ƙasashen waje amfani a nan, domin suna raba makin da baƙi suka bayar tsakanin wanka da abinci da ɗaki da hidima, suna kuma nuna shirye-shirye daban-daban na ɗaki guda. Daren Asabar ya fi tsada, haka ma hutun sabuwar shekara, da hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta, kuma a irin waɗannan ranaku masaukai da yawa ba sa karɓar mutum ɗaya shi kaɗai. Tarar fasa zuwa takan fara aiki kwanaki kafin ranar, ta kai cikakken kuɗi ga wanda bai zo ba bai kuma sanar ba.

Ma'aurata ko abokan tafiya masu son yawon gari da dare, masu son kifi, waɗanda wankan gama-gari bai dame su ba, za su ji daɗin gida irin wannan, musamman a tsakiyar mako bayan an rufe kamun kaguwa, lokacin da farashi ya sauko kuma wurin wankan keɓe ya rage cunkoso. Wanda wankan keɓe kaɗai zai yi, gara ya kai kuɗinsa Hakone ko Kurokawa ya nemi ɗaki mai ruwan maɓuɓɓuga na kansa. A ko'ina aka sauka akwai harajin wanka da ake biya daban a wurin karɓar baƙi, yen 150 ga kowane mutum a kowane dare a mafi yawan garuruwa, ko da yake birnin Beppu ya ƙara nasa a shekarar 2019 har yana kaiwa yen 500 gwargwadon tsadar masauki, kuma wasu ƙananan gidaje tsabar kuɗi kaɗai suke karɓa.